Me ake kiran ma'aikacin da ba ya taɓa musa wa oga?

Ɗan'uwa, ka tambayi sunan da ake laƙaba wa ma'aikacin da duk abin da oga ya faɗa sai ya ce "haka ne, ranka ya daɗe". A ofisoshinmu na Gombe wanda aka fi ji shi ne ɗan amshin Shata. Asalinsa daga 'yan amshin marigayi Mamman Shata ne, wanda ya rasu a 1999: aikinsu su maimaita abin da ya rera. Akwai kuma raƙumi da akala, wato wanda ake ja duk inda aka ga dama, da ɗan a-bi-Yarima-a-sha-kiɗa mai bin ayari ba tare da ya san inda aka dosa ba.

Bafade daban ne. Shi da gangan yake fadanci don ya zama ɗan gaban goshi, har jakar oga yakan karɓa tun daga bakin mota.

Amma ni ba na son a riƙa jefa wa kowa waɗannan sunaye. Oga ne ke cike fom ɗin tantance aikinka na shekara, kuma a aikin gwamnati daga matakin albashi na 7 zuwa 14 sai ka shekara 3 kafin a duba ƙarin girmanka. Mai iyali da ke tsoron a cilla shi wata ƙaramar hukuma mai nisa, dole ya auna bakinsa. Na taɓa yin shiru a wani taro alhali na ga kuskure a lissafi, har yau abin na ci mini rai.