Tambayoyinku: An gayyace ni dina da kallon okestra, ina tsoron in kunyata

Tambaya: Salamu alaikum Anti. Ogarmu a ofis ta gayyace mu dina a wani babban otel, daga nan mu wuce kallon kiɗan okestra, wato makaɗa masu yawa da ke kiɗa tare ƙarƙashin jagora ɗaya, ni kuma ban taɓa shiga irin wajen nan ba, wallahi tun yanzu gabana ke faɗuwa. Don Allah ya zan yi?

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanwata, kwantar da hankalinki. Tarin cokulan nan da ke firgita mutane tsarinsu ɗaya ne, masu yatsu a hagu, wuƙa da cokalin miya a dama, kuma da na can gefe ake farawa, duk kalar abincin da aka kawo sai ki matso ciki. Kofinki shi ne na dama, nan ne mutane suka fi ɗaukar na maƙwabci. In cin abinci da hagu bai kwanta miki ba ki yanka, ki ajiye wuƙar, ki mai da cokalin hannun dama ki ci abinki, Amurkawa ma haka suke yi.

Abin da na fi so ki riƙe shi ne tambaya. Sunan abinci ya shige miki duhu? Kira weta a hankali ki ce me aka sa a ciki, aikinsa ke nan, kuma ya fi miki a kan a dire miki abin da ba kya ci ki zauna kina juya cokali kowa na lura. Ki ɗan saurara ki ji me ogar ta zaɓa, kar ki haura shi a tsada. Tukuicin weta na mai gayyata ne, shi ma ya danganta da ƙasa, a Amurka kashi 15 zuwa 20 cikin ɗari ake bayarwa, a Japan kuwa ba a saba ba da shi ba.

Wajen okestra ku isa da wuri, wanda ya makara yawanci a ƙofa ake tsai da shi sai an tsagaita. Waya ki jefa ta jaka a kashe, haskenta kaɗai cikin duhu yana damun na bayanki. Sai batun tafa hannu: dogon kiɗan nan da ake kira simfoni galibi kashi 4 ne, tsakaninsu ana yin tsit na ɗan lokaci amma ba a gama ba. Ki jira jagoran makaɗan ya sauke hannu ya juyo ya fuskanci jama'a, to nan ki tafa iya son ranki.