Kwamfuta za ta iya faɗin ranar da gaɓar teku za ta rufta?

Tambaya: Malam, ni ɗalibin labarin ƙasa ne a nan Kano. Na ji ana lissafa yadda teku zai ci gaɓa mai tsayi nan da shekara 100. Ta yaya, alhali ba wanda ya san ranar da za ta rufta?

Amsa: Ƙanena, ranar kam ba mai iya faɗa maka. Abin da ake lissafawa shi ne nisan da bakin gaɓar zai ja baya cikin shekaru masu yawa.

Dubi katangar ƙasa a cikin Birni: ruwa ya yi ta cin gindinta tana tsaye, wata damina ta zube gaba ɗaya. Haka gaɓar take. Igiyar ruwa ta rarake gindi, ruwan sama ya jiƙa saman ya ƙara masa nauyi, sai ta rufta. Ɓaraguzan su kare gindin na ɗan lokaci kafin teku ya kwashe su.

Lissafi mafi sauƙi shi ne a gwama tsofaffin taswirori da hotunan sama da awon LiDAR, na'urar da ke auna tsayin ƙasa da hasken laser. Da haka aka san gaɓar Holderness a gabashin Ingila, mai ƙasa laushi, tana rasa kusan mita 2 a shekara. Ka ninka sau 100, mita 200 ke nan. Matsalar ita ce wannan lissafi ya ɗauka gobe za ta zama kamar jiya, ga shi kuwa teku ƙara cika yake.

Shi ya sa aka ƙirƙiro tsare-tsaren kwamfuta irin su SCAPE, wanda masana biyu, Walkden da Hall, suka wallafa a 2005. Ana ba shi tsayin igiyoyi, da cikowa da janyewar ruwa, da taurin ƙasar, da yawan yashin da ke gindi. Sai an ga ya iya maimaita zaizayar da ta riga ta faru kafin a yarda da hasashensa.

Yashin nan shi na fi so ka riƙe, don shi ke kare gindin gaɓar daga igiyar ruwa. A 1991 an jibge duwatsu don kare ƙauyen Mappleton da ke gaɓar Holderness. Ƙauyen ya tsira, amma shingen ya tare yashin da ke gangarawa kudu, zaizaya ta ƙaru a can. Lissafin da ya tsaya kan ƙauye ɗaya zai cuci maƙwabtansa.

Don haka in an nuna maka taswira mai layi ɗaya tak na shekarar 2100, nemi a nuna maka layin zaizaya mafi ƙaranci da na mafi muni. Gidajen mutane ne a tsakanin layukan biyu.