Na yi wani aure, tsohon mijina zai kwashe yara

Tambaya: Assalamu alaikum, Allah gafarta Malam. Mijina ya sake ni da yara biyu, namiji da mace. Kotu ta ba ni riƙonsu, ta yanke masa kuɗin ciyarwa da ɗaukarsu duk Asabar. Na yi wani aure, shekara ɗaya da wata biyar ke nan da tarewa, kuma ya sani tun ranar ɗaurin aure. Yanzu ya ce namijin ya cika shekara bakwai, ni kuma na yi aure, don haka zai kwashe su. Tsoro ya sa na daina barinsu zuwa wurinsa. Mahaifiyata tana da rai. Mene ne hukunci?

Amsa: Wa alaikumus salam. 'Yar'uwa, gaskiya ne auren uwa da wanda ba muharramin yaro ba tun asali yana kayar da haƙƙinta na reno da zarar an tare. Sai dai maganarki ta shekara da wata biyar ita ce ta juya mas'alar. A Mukhtasar na Shehu Khalil, littafin fiƙihun Malikiyya, idan mai haƙƙin karɓar yaro ya san da auren, ya yi shiru shekara guda ba tare da uzuri ba, uwa tana ci gaba da riƙo. Ki tanadi shaidun cewa ya sani.

Ko da haƙƙinki ya faɗi, ba hannunsa yaran za su koma ba. Mahaifiyarki ce ke biye, da sharaɗin kada ta zauna gida ɗaya da ke. Bayanta akwai 'yan'uwanki mata, kafin layi ya iso kansa.

Batun shekara bakwai kuwa ya yaɗu a bakin mutane har ana zaton ijma'i ne, wato duk malamai sun haɗu a kai. Ra'ayin Hanafiyya ne a kan ɗa namiji. Shafi'iyya cewa suka yi a ba yaro zaɓi tsakanin iyayensa, kuma hadisin zaɓin da suka kafa hujja da shi bai ba uba damar ɗauka da ƙarfi ba. A Malikiyya, wadda kotunanmu ke hukunci da ita, namiji yana wurin mai reno har ya balaga, mace har mijinta ya tare da ita. Sayyidina Umar da kansa ya ɗauki ɗansa Asim a Ƙuba, kakar yaron ta wajen uwa ta yi jayayya da shi, Sayyidina Abubakar ya ce ya bar mata shi, kuma Umar bai ƙara ko kalma ba. Al'adar nan tamu ta karɓe yaro daga yaye a miƙa wa kishiyar uwa ma ba ta da madogara. Sannan alƙali ya riga ya yanke, kuma hukuncinsa yana ɗauke saɓani. Mai ƙorafi ya koma kotu ko ya ɗaukaka ƙara.

Ke ma ki ji tsoron Allah. Hana su zuwa ranar Asabar saɓa wa kotu ne kuma yanke zumunta ne, yana iya zama hujja a kanki. Ciyarwa, karatu da tarbiyya suna wuyan ubansu. Idan kina tsoron ya riƙe su, ki kai wa alƙali tun kafin Asabar. Ki kuma lura da 'yarki: mijinki muharraminta ne, amma 'ya'yansa maza na wata matar ba muharramanta ba ne, a raba musu makwanci.

Wallahu a'alam.