Za ni Umara, ina tsoron ƙibar da na rage ta dawo

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malama. Ina rubuto miki daga wani ƙauye a gefen Ringim, Jihar Jigawa. Shekarata 52, 'ya'yana bakwai. Bara likita ya ce ciwon gwiwar da ke damuna nauyi ne ya yi mini yawa, kuma jinina ya fara hawa. Tun daga nan na bar lemon kwalba, tuwon dare malmala ɗaya ƙarama nake ci, fura ma ba na sa mata sukari. Daga kilo 97 na dawo 89, yanzu ina zuwa gona ban zauna a hanya ba. To ga shi babban ɗana ya biya mini Umara, mako biyu tsakanin Madina da Makka. Maƙwabciyata da ta je, ta dawo rigunanta sun matse ta, ta ce abincin can ba ya kaucuwa. Abokiyar zamana kuma cewa ta yi in bar wannan zance, wai a wurin ibada ba a ƙin abinci. Yaya zan yi wahalar da na sha ba ta tafi a banza ba?

AMSA: Wa alaikumus salam Yaya. Allah ya yi wa yaron nan albarka, ya kai ki lafiya ya dawo da ke lafiya. Kilo takwas a gidan da ake tuƙa tuwo kullum ba ƙaramin ƙoƙari ba ne, na yi miki murna har raina.

Abin da nake so ki riƙe shi ne kada ki tafi da niyyar ƙara ramewa a can. Ki tafi da niyyar dawowa yadda kika tafi. In kin sauka a filin jirgin Malam Aminu Kano kina nan a 89 ɗinki, ko da ɗoriyar kilo ɗaya, kin ci riba. Dalilina shi ne aikin da jikinki zai yi. Tsakanin Safa da Marwa kimanin mita 450 ne, sau bakwai kuwa ya haura kilomita 3. Ga ɗawafi, wanda in cunkoso ya tura ku hawa na sama zagayen ya fi na ƙasa tsawo nesa ba kusa ba. Ga zirga-zirga daga masauki zuwa Harami, a garin da zafinsa kan wuce digiri 40 a watannin bazara. Mace mai hawan jini da ta shiga wannan aiki da yunwa, jiri ne zai ɗebe ta a tsakiyar jama'a. Saboda haka karin kumallo dole ne, ba a tsallake shi.

Maƙwabciyarki ba ta yi ƙarya ba, amma ina kyautata zaton ba shinkafa ce kaɗai ta matse mata riga ba. Abin sha ne da burodi. Kina fitowa daga masallaci za ki ga mota ta tsaya ana raba sadaka, ɗan kwali ne a ciki da lemon kwali, da kek a leda, da biskit, wani lokaci da dabino. An miƙo miki, kin gaji, maƙogwaro ya bushe, kafin ki kai masauki kin shanye. Gobe da safe haka, da yamma haka. Gwangwanin lemo mai mililita 330 yana ɗauke da sukari kimanin giram 35, wato wajen cokalin shayi takwas, kuma na kwali mai hoton mangwaro ko lemon zaƙi bai fi shi sauƙi ba. Ita kanta gwamnatin Saudiyya a 2017 ta ɗora harajin kashi 50 cikin ɗari a kan lemon gwangwani don mutanenta su rage sha. Ke da kika bar shi a Ringim, kada ki koma masa a Makka. Ga Zamzam a jarkoki ko'ina cikin Harami, da mai sanyi da marar sanyi, ki sha ki ƙoshi, ki cika gorarki.

A masauki, in irin wanda ake jera abinci kowa ya ɗiba ne, ki zagaya ki duba tukuna kafin ki ɗauki faranti. Za ki tarar da shinkafa ja tana ƙyallin mai, irin wadda suke kira bukhari ko kabsa, da kaza, da taliya, da gurasarsu a jibge, da 'yan robobin cuku da zuma. Ki fara cika rabin farantin da kokwamba da tumatir da latas ko dafaffen ganye. Sai nama ko kifi ko ƙwai gwargwadon tafin hannunki. Shinkafa ta zo a ƙarshe, daidai dunƙulen hannu. In kin ɗauki shinkafa ki bar gurasa, in gurasa kike so ki bar shinkafa. Faranti ɗaya, ba komawa. Da safe ki nemi ful, dafaffen wake ne nasu mai riƙe ciki har azahar, da laban, wanda kusan nononmu ne marar sukari. Ni a ganina waɗannan biyun su ne abokan tafiyarki. Shayin nan mai madara da ake sayarwa a bakin titi kuwa, ki ce a zuba miki ba sukari, in ba ki faɗa ba za a loda.

'Yan ɗakinku za su ce sai kin ɗanɗana soyayyar kazar gidan abincin Albaik, kowa da ya je yana labarinta. Ki ɗanɗana mana, sau ɗaya, ki ci naman ki bar wa wani dankalin da burodin. Tun 2019 doka ta wajabta wa gidajen abinci a Saudiyya su rubuta yawan kalori, wato ma'aunin kuzarin da abinci ke bai wa jiki, a gefen kowane abinci, don haka in akwai mai karatu kusa da ke ya duba miki. Mace baliga kan buƙaci wajen 2,000 a yini gaba ɗaya, sai ki auna da wannan. In kuma kewar gida ta taso, unguwar Misfala ta Makka akwai 'yan uwanmu Hausawa masu sayar da tuwo da miyar kuka. Malmalarki ɗaya ta gida ita ce ma'auninki a can ma.

Dabino ne wurin da masu niyya mai kyau kan zame. Na Madina yana da daɗi, kuma hadisi ya zo da falalar cin dabinon ajwa bakwai da safe. Ki ci bakwai ɗinki a cikin karin kumallo, sannan ki ɗaure ledar ki tura ta can ƙasan akwati. Ledar da ke buɗe a gefen katifa, ana hira ana miƙa hannu, ba a sanin lokacin da take ƙarewa.

Maganar abokiyar zamanki, na san da kyakkyawar zuciya ta faɗa, kada ki ja da ita. Ki tuna mata dai cewa Manzon Allah (SAW) ne ya koyar da a raba ciki uku, kashi ɗaya na abinci, ɗaya na ruwa, ɗaya na numfashi. Sadaka kuma ki karɓa da hannu biyu ki yi godiya, sannan ki miƙa wa masu sharar Harami ko yaran da ke wucewa, kin samu lada ke ma.

Kafin tafiya ki koma wurin likitanki ya auna jinin, ya duba har da sukari, don in akwai shi lissafin abincin zai canza. Maganinki ya zauna a jakar hannu cikin kwalinsa na asali tare da takardar likita. Guzuri kaɗan ya isa: gyaɗa marar gishiri da ɗan ƙuli-ƙuli saboda jiran jirgi, amma ki tambayi kamfanin da ya shirya tafiyar abin da aka yarda a shiga da shi. Goro dai an hana, kada ki ɗauka, kada kuma ki karɓi saƙon kowa da ba ki ga cikinsa ba.

Tafiyar jirgi daga Kano zuwa Jidda wajen awa biyar ce, ki riƙa tashi kina ɗan takawa, ki sha ruwa. Zama da gishirin abincin hanya kan sa ƙafa ta kumbura, jiki ya riƙe ruwa, shi ya sa ba na so ki hau sikeli ranar da kika dawo. Ki bari sai bayan mako guda, kin koma tuwonki da miyarki, sannan ki je asibitin da kika saba aunawa, a kan sikelin da kika saba hawa. Ki rubuto mini abin da ya nuna, Yaya, kuma ki sa mu a addu'a in kin ga Ka'aba.