Aljihun shago ba asusun makaranta ba ne

Tambaya: "Ina da shagon kayan lantarki, na fi shekara 10 ina kasuwanci. Babban ɗana yana shekara ta 2 a jami'a, ƙanwarsa kuma za ta shiga baɗi in Allah ya yarda. Duk lokacin da ya kira waya, sai in ɗebo daga cinikin ranar in tura masa, ban taɓa hana shi ba. Yanzu kayan da nake sarowa sun ragu sosai. Wani ɗan'uwana ya kawo mini wata harka ta intanet mai ba da ribar kashi 30 cikin 100 duk wata, ya ce in zuba rabin jarina, ribar ta riƙe karatun yaran. Me ka gani?"

Alhaji, Allah ya saka maka da alheri kan tsayuwar da ka yi wa karatun 'ya'yanka. Maganar harkar intanet ɗin nan ba za ta ɗauke mu lokaci ba: kada ka sa ko sisi. Kuɗin da ke ƙaruwa da kashi 30 duk wata, idan aka bar shi yana juyawa, zai ninka fiye da sau 20 a shekara guda. Wace sana'a ka taɓa gani tana yin haka? A 1920 wani mutum mai suna Charles Ponzi ya yi wa mutanen Boston a Amurka alkawarin ribar kashi 50 cikin kwana 45. Kuɗin sababbin shiga yake ɗauka yana biyan na farko, kafin shekarar ta ƙare komai ya rushe, shi kuma ya tafi gidan yari. Har yau dabarar ba ta sauya ba, waya ce kawai ta shigo ciki. Mai yiwuwa ɗan'uwanka da zuciya ɗaya ya zo maka, domin galibi waɗanda aka fara biya su ne suke jawo danginsu. Ka yi masa godiya, ka ce ba ka yi.

Abin da ya fi damuna a wasiƙarka shi ne wannan jimlar: "sai in ɗebo daga cinikin ranar." Nan ciwon yake. Ciniki ba riba ba ne, Alhaji, kai ma ka sani. Mafi yawan kuɗin da ke cikin aljihun teburinka da yamma kuɗin kaya ne, wanda ya kamata ya koma wurin sari. Na tabbata in na tambaye ka nawa ka kashe wa yaron nan a shekarar da ta wuce, ba za ka iya faɗa mini ba, domin ba ka rubuta ba. Kana cin jari ne kana zaton kana cin riba.

Mu yi lissafi mai sauƙi. Ka ɗauka duk 100 da ka zuba a kaya tana kawo maka ribar 10 a wata. Ranar da ka zare wannan 100 ka tura makaranta, ba ita kaɗai ta tafi ba. Ta tafi da 10 ɗin wata mai zuwa, da na bayansa, har 120 a shekara. Sannan ga abokin ciniki da zai zo neman abu sau biyu ka ce babu, a karo na uku ba zai tsaya a ƙofarka ba. Da ruwan ciki ake jan na rijiya. Shagon nan shi zai biya karatun ɗanka na sauran shekaru, shi zai biya na 'yarka na shekara 4 ko fiye. In ya mutu, karatunsu duka biyu ya tsaya.

Na san wani bawan Allah mai sayar da kayan gini, mutumin kirki, mai son 'ya'yansa kamar ka. Haka ya riƙa yi, yara uku suna karatu, kowa ya kira sai a buɗe aljihun tebur. Da kaya suka ragu sai ya koma karɓa bashi daga masu ba shi sari, ya sayar, ya ɗauki kuɗin mutane ya biya kuɗin makaranta. Bashin sari na makonni ne, karatu kuwa ba ya dawo da komai sai bayan shekaru, in ma an dace da aiki da wuri. Da alkawari ya saɓa sau biyu sau uku, aka daina ba shi kaya. Babbansu ya gama, na biyu ya gama da ƙyar, autar ta zauna a gida tana shekarar ƙarshe. Babu wanda ya sace masa kuɗi, kuma bai yi almubazzaranci ba. Bai raba kuɗin shago da na gida ba, shi ke nan.

To, ga abin da nake so ka yi cikin makon nan. Ka rufe shagon na yini ɗaya, ka ƙirga kayanka kaf da farashin da ka saro su, ka haɗa da bashin da kake bi, ka cire wanda ake bin ka. Abin da ya rage shi ne jarinka na gaskiya, kuma daga ranar ya haramta gare ka. Daga nan ka riƙa rubuta shiga da fita kullum, bayan wata biyu ko uku za ka san ribarka. Daga ribar za ka yanka wa kanka albashi, daga albashin kuma ka ware na karatu, ka buɗe masa asusu daban a banki wanda ba ka yawo da katinsa. Kuɗin rajista da na ɗakin kwana ba sa zuwa ba zata, an san lokacinsu tun farkon shekara. Ka raba jimlarsu gida 12, ka riƙa zubawa wata-wata, ka ɗora kamar kashi 15 ko 20 a kai saboda tsadar rayuwa da rashin lafiya, da hidimar aikin bincike na shekarar ƙarshe wadda iyaye da yawa ke mantawa da ita. In lokacin biya ya zo, ka biya makaranta kai tsaye ka ajiye rasit, kada ka bi ta hannun kowa.

Sai ɗanka. Ka ce ba ka taɓa hana shi ba, na kuwa san ƙauna ce ta sa. Amma yaron da duk kiran wayarsa ke zama kuɗi ba zai koyi tsara kuɗi ba, kuma bai san halin da kake ciki ba. In ya zo hutu ka zaunar da shi, ka buɗe masa littafin, ya ga ribar da idonsa. Ba ƙaramin yaro ba ne, zai gane. Ku yanke abin da zai riƙa samu kowane wata, a rana guda tsayayya, ya kuma rubuta yadda yake kashewa. Ya nemi tallafin karatu duk inda ake bayarwa, ko da kaɗan ne. Ya tsaya maka a shago lokacin hutu ka biya shi ladan aikinsa. Kuma ka riƙa neman ganin sakamakonsa kowane zango, domin wannan ma maganar kuɗi ce: ɗalibin da ya maimaita shekara ɗaya a karatun shekara 4 ya ƙara maka kashi 25 na dukan hidimar. In ka ga maki ya sauka, ka tambaye shi dalili cikin natsuwa tun abin bai yi nisa ba.

Idan lissafin ya nuna ribar ba za ta ɗauki yara biyu lokaci guda ba, a rage a wani wurin: makarantar da ta fi sauƙin kuɗi, ɗaki na haɗaka, ko a ɗage wata hidimar gida. Ina roƙon ka, kada 'yarka ta zama wadda za a ce ta haƙura saboda yayanta ya riga ya fara. Kana da kusan shekara guda kafin ta shiga, wannan ya isa ka tara mata kuɗin zangon farko in ka fara yanzu. Bayan wata uku ka sake rubuto mini da adadin jarinka da ribar wata, mu duba nawa shagon zai iya ɗauka.