Amsa kan astiroyid mai wata nasa da yadda ake auna nauyinsa

Ɗan'uwa ka tambaya wai da gaske dutsen sararin samaniya, wato astiroyid, yana iya samun wata nasa, kuma ta yaya ake sanin nauyinsa tunda ba wanda ya je ya ɗaga. Eh da gaske ne, kuma tambayoyin naka biyu amsarsu ɗaya ce, watan nan shi ne sikelin.

Na farko da aka tabbatar shi ne Ida, kumbon Galileo ya gifta ta kusa da shi a Agustan 1993, sai a Fabrairun 1994 ana duba hotuna aka hango wani ɗan mitsitsi a gefensa aka raɗa masa Dactyl. Ida tsawonsa ya kusa kilomita 60, Dactyl kuwa wajen kilomita ɗaya da rabi ne. To in ka san tazarar da ke tsakaninsu da lokacin da ƙaramin ke ɗauka ya kewaye babban, dokar Kepler ta uku da lissafin Newton sun ba ka nauyi, sai ka gwada nauyin da girman jikin ka gane cikinsa a cushe yake ko duk ramuka ne. Da haka aka gano cewa astiroyid Sylvia mai wata biyu, Romulus da Remus, faɗinsa ya haura kilomita 250 amma kaɗan ya ɗara ruwa mai girmansa nauyi.

Ni na daɗe ina auna hasken duwatsun nan da madubin hangen nesa da kyamara, kuma gaskiya watan ba ka ganinsa ko kaɗan, ɗigo ɗaya tak kake gani a hoto. Sai dai ka kwana kana ɗaukar hoto bayan hoto, kwamfuta ta zana maka layin hasken yana hawa yana sauka saboda dutsen na juyi kuma ba mulmulalle ba ne, can sai ka ga hasken ya ɗan nutse inda bai kamata ba, ya jima kaɗan ya dawo. Kar ka yi saurin murna, siririn gajimare ma na yin haka, fara duba taurarin da ke gefe, in su ma sun dushe to daga sama ne. In kuwa shi kaɗai ne, kuma nutsewar na dawowa a kan lokacinta dare bayan dare, husufi ne, ɗaya na shiga gaban ɗaya. Ranar da ka ga wannan da idonka wallahi ba ka mantawa.

Ta irin wannan awon haske aka gano watan astiroyid Didymos a 2003. Babban wajen mita 780, ƙaramin Dimorphos wajen mita 160, tazararsu kilomita 1.2, kewaye ɗaya awa 11 da minti 55. Ranar 26 ga Satumban 2022 NASA, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, ta maka wa Dimorphos kumbon DART da gudun kilomita 6 a daƙiƙa, kewayen ya koma awa 11 da minti 23, kuma daga nan ƙasa aka auna canjin ta hanyar husufin nan.

Abin da ya fi burge ni shi ne juyin Didymos, awa 2.26 kacal. Irin waɗannan duwatsu tarin tsakuwa da ɓaraguzai ne da ɗan ƙarfin janyowa ya riƙe, in juyinsu ya fi na awa 2.2 sauri sai su fara watsewa. Hasken rana ke ƙara musu gudun juyi a hankali a hankali, har tsakuwa ta riƙa zamewa daga ƙugunsu, kuma masana da yawa na ganin ita ce ke dunƙulewa ta zama wata. Kumbon Hera na Turai ya tashi a Oktoban 2024 don ya je ya auna nauyin Dimorphos kai tsaye ya kuma duba ɓarnar da DART ya yi masa.