Kullum ina haddace kalmomin Turanci 50, me ya sa makina na IELTS bai motsa ba?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Na gama digiri da bautar ƙasa, kuma wata jami'a a Ingila ta ba ni gurbin digiri na biyu, da sharaɗin in kawo 6.5 a jarrabawar Turanci ta IELTS, kada wani ɓangare (saurare, karatu, rubutu ko magana) ya gaza 6. Na zauna sau ɗaya na samu 6, amma a rubutu 5.5 aka ba ni. Tun daga nan kullum sai na kwafi kalmomi 50 daga ƙamus na haddace, har na cika littafi biyu. Amma in na zo rubutu ko ɗaya ba ta faɗo mini. Saura wata uku in sake zama. Ina kuskuren yake?
Daga wata 'yar'uwa a Tudun Wada, Kaduna.

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. 'Yar'uwa, Allah ya ba da sa'a. Ƙoƙarinki ba ƙarami ba ne, kuma kanki lafiya lau yake. Hanyar ce ba ta ɓillewa. Na sha ganin irin littattafan nan naki a hannun ɗalibaina: layi ɗaya kalma, layi ɗaya ma'ana, shafi bayan shafi, da rubutu mai kyau. In na rufe littafin na ce su saka kalma ɗaya a jimla, sai a yi shiru.

Bari mu fara daga harshenmu. A ce wani baƙo ya sauka Kaduna, ya haddace cewa "ci" shi ne saka abinci a baki, "sha" kuma na ruwa ne. Ya shiga Kasuwar Barci sai ya ji an ce wane ya ci bashi, wance ta ci jarrabawa, an ci amanar wani, yau kasuwa ta ci. Can kuma wani ya sha wahala, wani ya fita shan iska, wani ya sha alwashi. Shin wannan baƙon ya san "ci" da "sha"? Ya san sunansu kawai. Ranar da zai buɗe baki sai ya ce "na fita cin iska", kowa ya gane nufinsa, kowa kuma ya san ba ɗan gari ba ne. To haka mai duba takardarki yake ji in kin rubuta make a research. Kalmar research kin san ta sarai, abokan tafiyarta ne ba ki sani ba. Turawa conduct research ko carry out research suke cewa, kuma ba sa sa mata "a" a gaba.

Mu Hausawa muna da tarko na musamman a nan, wato kalmar "yi". Da ita muke yin bincike, mu yi kuskure, mu yi aikin gida, mu yi hatsari, mu yi laifi. A Turanci kowanne da nasa: make a mistake, do homework, have an accident, commit a crime. Duk wanda yake tunani da Hausa yana juyawa, do da make za su riƙa fito masa a inda ba wurinsu ba. Haka nan akwai abin da kunnenmu ya saba da shi a Turancin Najeriya har muka daina jin sa a matsayin kuskure: discuss about, informations, equipments, advices. A ofis ba wanda zai tanka miki. A IELTS kowanne yana rage miki daraja.

Dalilin da ya sa na daɗe a kan wannan shi ne yadda ake ba da maki. A rubutu abubuwa 4 ake dubawa, kowanne da rubu'in makin: amsa abin da aka tambaya, tsari da haɗuwar zance, kalmomi, sai nahawu. A ma'aunin kalmomi, abin da ake nema a mataki na 7 ya haɗa da sanin wace kalma ke tafiya da wace, da sanin wadda ta dace da irin rubutun. Ba a ƙirga manyan kalmomi a ba da maki. Na taɓa samun wani ɗalibi mai himma da ya ɗauko plethora da myriad yana cusa su a kowane sakin layi, domin tun sakandare an koya masa cewa Turanci mai nauyi shi ne Turanci. Ya rubuta a plethora of rain, alhali heavy rain ce daidai, kalmar da ya sani tun yana firamare. Ya ji zafi da na nuna masa, ni ma na ji masa, don an daɗe ana yaba masa a kan abin da yake kayar da shi. Ki lura kuma, kalmomi rubu'i ɗaya ne kacal. Mai yiwuwa 5.5 ɗinki tana da hannun tsari ko rashin amsa tambaya kai tsaye, don haka ki sami malami ya duba miki rubutu biyu ko uku kafin ki ɗora wa kalmomi laifin duka.

To waɗanne kalmomi za ki koya? Ba kowane ƙamus ke gaya miki wadda ta fi amfani ba, shi ya sa kwafa daga cikinsa ya zama ɗiban karan mahaukaciya. An riga an yi miki wannan aikin. A shekarar 2000 wata malama, Averil Coxhead, ta Jami'ar Victoria da ke Wellington a New Zealand, ta tace rubuce-rubucen jami'a masu kalmomi kusan miliyan 3.5, ta fitar da jerin da ake kira Academic Word List. Iyalan kalmomi 570 ne, wato kowace kalma da waɗanda suka fito daga tushenta, kuma su kaɗai suna ɗaukar kusan kashi 10 cikin 100 na rubutun ilimi, ko na shari'a ne ko na kimiyya ko na kasuwanci. An kasa su gida 10, daga mafi yawan fitowa zuwa mafi ƙaranci, kowane gida 60, sai na ƙarshe mai 30. Kyauta ne a intanet. In kin buɗe gida na farko za ki ga analyse, approach, benefit, factor, significant, economy, vary. Na san za ki ce ai duk na san waɗannan. Kin san su in kin gan su. Tambayar ita ce ko suna fitowa daga alƙalaminki daidai cikin minti 40 na rubutu na biyu, wato maƙala, agogo na tafiya.

Ga lissafin da nake ba ki. Iyali 5 a rana, kwana 6 a mako, 30 ke nan. Duk mako biyu kin gama gida ɗaya, a mako 10 kin gama gida biyar na farko, iyalai 300. Makonnin da suka rage na gwajin tsofaffin tambayoyi ne da agogo. Daga 50 zuwa 5 zai yi miki kamar ja da baya, amma dubi yadda shafin kalma ɗaya zai kasance. Ki ɗauki economy. Ki rubuta 'yan gidanta: economic, economical, economist, economically. Nan take za ki tarar economic na abin da ya shafi tattalin arziki ne, economical kuma na abu mai tsimin kuɗi ne, kuma ɗalibai da yawa suna musanya su. Ki duba ƙamus na masu koyo, irin na Oxford ko Cambridge ko Longman, duk suna buɗe a waya, ki kwafo abokan tafiya biyu ko uku: economic growth, boost the economy. Ki danna ki ji furucin, domin nauyin murya yana canza wuri tsakanin economy da economic. Sannan abin da ya fi komai: ki yi jimla taki a kan abin da idonki ya gani. Rufewar masaƙun Kakuri, cire tallafin man fetur a 2023, ambaliyar Kogin Kaduna da damina, jirgin ƙasa daga Rigasa zuwa Abuja. Jimlar da ta taɓa rayuwarki ba ta saurin gudu.

Sai batun mantuwa, kuma a nan ba sai mun je nesa ba. Wani Bajamushe, Hermann Ebbinghaus, ya nuna tun 1885 cewa yawancin abin da aka haddace yana zubewa ne a kwanakin farko in ba a waiwaye shi ba. Alarammomin tsangaya sun daɗe da sanin haka. Ba a wanke allo sai karatu ya zauna, kuma ƙari ba ya hana tilawar baya. Ke ƙari kawai kike yi, babu tilawa. Kalmomin yau ki waiwaye su gobe, sai bayan kwana uku, sai bayan mako, sai bayan wata. Waiwayen kuma ba kallon shafi ba ne. Ki rufe, ki tilasta wa kanki ki fito da kalmar da abokiyarta daga ka, kamar yadda ake ba da hadda. Ƙananan katuna a jaka sun isa, ki riƙa juya su a cikin keke ko a layin banki. In kin fi son waya, manhajar Anki tana tsara miki lokutan waiwaye da kanta, kyauta ce a Android, kuma tana aiki ba data.

Ɓangaren karatu kuwa nasa salon daban ne: nassi 3, tambaya 40, minti 60, kuma da wuya tambaya ta maimaita kalmar da ke cikin nassin. Nassi zai ce fell sharply, tambaya ta ce a steep decline. Jeri ba ya koyar da wannan, sai yawan karatu. Kullum ki karanta maƙala ɗaya a kan muhalli, lafiya, ilimi, birane ko kimiyya. Wata dabara da ke yi wa ɗalibaina aiki: ki saurari labari a BBC Hausa da safe, sannan ki nemi labarin da Turanci. Tunda kin riga kin san abin da ya faru, hankalinki zai koma kan yadda aka faɗe shi. Kada ki tsaya a kan kowace baƙuwar kalma. Wadda ta fito miki sau biyu ko uku ita ce ta cancanci shafi.

Ki ware kwana biyu ga kalmomin rubutu na farko, mai bayanin zane da alƙaluma, don ba su da yawa: rise, decline, fluctuate, peak, level off. Ki kiyaye ƙananan da ke biye da su. Increased by 20 ya ƙaru da 20 ne, increased to 20 ya ƙaru zuwa 20 ne, kuma musanya su ƙarya ce a kan zanen. A saurare da karatu, amsar da aka kuskure harafinta ta faɗi, don haka accommodation, environment da government sai hannunki ya saba da su. A ɓangaren magana kuma kada ki ɗauko Turancin takarda ki zuba wa mai jarrabawa. Hira ce ta minti 11 zuwa 14, ki yi ta yadda mutane ke hira.

Littattafan nan biyu kada ki yar da su. Ki bi su da jan biro, duk kalmar da kika samu a cikin jerin Coxhead ki yi mata alama ki fara da ita, tunda kun riga kun gaisa. Kowace Asabar kuma ki rubuta maƙala mai kalmomi 250 cikin minti 40, ki ja layi a ƙarƙashin kalmomin makon da suka shigo da kansu. Waɗanda ba su shigo ba, ki mayar da katinsu sahun gaba ranar Litinin.